Takwaran Galdino

Pemalang, watan Agusta

Mas Kasnadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ruwa da sanyi. Mu nan lafiya lau. Mahaifina Bapak lafiya, kakata Mbah Painem ma lafiya, in ban da gwiwar nan da ke hana ta sallah a tsaye. Ni kuwa na yi nauyi har takalmina ya daina shiga. Ungozoma ta ce kan yaro ya zauna daidai, kada in damu. Ka ga ni ma na ce yaro, tun da kai ka riga ka yanke daga tsakiyar teku cewa namiji ne.

Wasiƙarka ta iso ta hannun ofishin kamfaninku, tana warin kifi. Na buɗe da rawar jiki ina tsammanin za ka tambayi abin da nake iya ci, sai na tarar nawa layi biyu ne, sauran duk na Galdino direban tseren nan ne da koriyar motarsa. Mas, mutumin nan bai san kana duniya ba, ni kuwa na sani.

Sai maganar suna. Ka ce in namiji ne a sa masa Galdino. Na karanta wa Bapak a gareji yana kwance ƙarƙashin babur ɗin wani, ya fito da baƙin mai har a goshi.

"Wa? Jikan nawa? Sunan mahaukacin nan da bai san inda birki yake ba?"

Na ce ai ubansa ne ya ce. Ya ce, "Ubansa ya daɗe a ruwa, gishiri ya shiga masa kai."

Ka san halin garejinmu ran Lahadi. Tun kafin a fara tsere an cika bencin gaban talabijin, rabi na Galdino, rabi na Torben mai shuɗiyar mota, kowa da shayinsa, ba mai sauraron wani. Ƙanen Bapak, Lik Tarmo mai aski, shi ya gaji wurin zamanka da bakinka, shi ke kare maka mutuminka. Makon jiya Galdino ya matse Torben a kwana har tayarsa ta hau ciyawa. Bapak ya miƙe tsaye ya ce wannan fashi ne da rana tsaka.

Lik Tarmo ya ce wa yayan nasa, "Kang, tsere ake yi fa, ba rakiyar amarya ba. In naka yana so a ba shi hanya, ya je ya hau jirgin ƙasa."

Bapak ya ce, "Torben da kai yake tuƙi, naku da haushi. Tun da suka zauna kamfani ɗaya aka fifita Torben a kansa bai huce ba. Ba kofin yake nema ba, so yake ya ga wancan yana kuka."

Haka suka yi ta yi har shinkafata ta kama. Ni ba ruwana da wanda ya fi wani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a rana ta biyar da haihuwa za a dama kunun ja da fari a kira maƙwabta, kuma Bapak ne zai faɗi sunan a gaban jama'a tun da ba ka nan. In ya ƙi fa? Ka ba ni wani suna na biyu in riƙe a hannu. Ka amsa kafin ku koma cikin ruwa, don Allah.

Matarka,
Darsih

Port Louis, ƙarshen Satumba

Dik Darsih,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ƙugiya ta ɗan tsaga mini babban yatsa amma ya haɗe. Mun shigo tasha sauke kifi, aka miƙo mini wasiƙarki, na karanta ta a tsaye ban ko cire takalmin roba ba. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, ki rage gishiri. Me kike iya ci? Kin ga na tambaya, kada gobe ki ce ban tambaya ba.

Ki gaida Bapak da girmamawa. Ki ce masa Torben ɗinsa a gidan da motoci suka fi mutane yawa aka haife shi, ubansa ya saya masa motar tsere tun bai iya ɗaure igiyar takalmi ba. Galdino kuwa wanke motocin wasu ya yi, a bayan gareji yake kwana. Wanda ya taso haka ba ya ɗaga ƙafa a kwana, don ya san in ya ɗaga sau ɗaya an gama da shi, wani ɗan mai kuɗi na nan yana jiran kujerar. Bapak ya ce haushi ne. Ni yunwa nake kiranta, kuma na san ta, ita ta kawo ni nan.

A jirginmu ma fama ake yi. Dodong mai dafa abinci, mutumin Filifin, na Torben ne, kuma shi ke da rediyo. Sai ya ji sakamako ya ƙi faɗa mini sai na wanke masa tukwane. Ranar da Galdino ya ci, ƙanzo ne rabona. Cewa yake wai 'yan Kore, mutanen Galdino, sun ɓoye wani abu a injin da alƙalan gasa ba su gano ba. Na ce masa duk wanda aka bari a baya haka yake cewa, bara ma da shuɗiyar ke gaba an ce fukafukinta na lanƙwasa, me ya sa bai yi magana ba a lokacin?

Maganar suna na biyu, Dik, ba ni da shi. Na zauna na nema ban samu ba. Ni Kasnadi ne don kakana Kasnadi ne, kuma a gonar wani ya ƙare rayuwarsa. Ina so ɗana ya ɗauki sunan mutumin da aka ce ba zai iya ba, ya iya. Ki roƙar mini Bapak, yana jin maganarki fiye da yadda yake nunawa. In mace ce ki zaɓa da kanki, na yarda da ke.

Gobe ko jibi za mu koma ruwa, can kudu sosai. Daga nan sai dai jirgin da ke kawo mana mai ya kwashi kifi, shi zai riƙa kai wasiƙa da kawowa, kuma ba shi da rana. In kin ji shiru kada ki tsorata.

Mijinki,
Kasnadi

Pemalang, watan Nuwamba

Mas Kasnadi,

Albishirinka, namiji ne! Na sauka lafiya ranar Talata da hantsi a gidan ungozoma. Na roƙi ofishinku su sanar da kai ta rediyon jirgi, ina fata sun yi. Hancinka ne sak, kunnuwa kuma na Bapak, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukar su. Ina samun sauƙi, Mbah ta ɗaure mini ciki tam tana ɗura mini jiƙe-jiƙenta masu ɗaci.

Na karanta wa Bapak wasiƙarka, har wurin da ka yi maganar yunwa. Ya ci gaba da goge fulogi. Ranar suna Mbah ta dama kunun shinkafa, rabi fari, rabi ja da mazarƙwailar kwakwa, aka zuzzuba a ganyen ayaba. Malam ya yi addu'a, kowa ya juyo ga Bapak. Ya yi gyaran murya kamar wanda ƙayar kifi ta tsaya wa, ya ce, "Ubansa ya ce Galdino."

Malam ya ce, "Gal me?"

Sai da Lik Tarmo ya rarraba masa shi. Aka yi dariya, aka ci, aka watse. Ka samu abin da kake so, Mas. Mbah dai Dino take cewa, harshenta ya ƙi sauran.

Lahadin da ta biyo baya aka yi tseren ƙarshe na shekara. Ba a bari in fita ba tukuna, sai Lik Tarmo ya juyo da talabijin ta fuskanci tagar ɗakinmu, wai takwara ya ga mai sunansa. Da na san abin da zan gani da na rufe tagar. Ka san Galdino ne ke gaba da maki kaɗan, kuma in dukansu biyu ba su gama ba, kofi nasa ne. Ana dab da gamawa koriyar motar ta fara hayaƙi, gudunta ya ragu, Torben ya iso ta. A kwanar nan mai tsini Torben ya kutsa ta ciki, ya kusa wucewa, sai Galdino ya murɗa sitiyari ya shiga cikinsa. Su biyun suka ƙare a cikin yashi. Galdino ya fito yana ɗaga hannu, wai ya ci duniya.

Mas, ni ban san tsere ba, amma na ga kansa ya juya ya dubi madubi kafin ya murɗa. An maimaita a hankali, na sake gani.

Na zaci Bapak zai fasa benci. Bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "To, kun gani."

Lik Tarmo ya ce, "Me muka gani? Shi ke gaba, hanyarsa ce. Na baya shi ke da idon gani."

Wani ya ce ai da Torben ne a matsayinsa, da haka zai yi, duk su ɗin ba waliyyi. Bapak ya ce, "Da ya yi, da shi ma ɓarawo zan kira shi." Wasu 'yan Kore suka hau babura suna hon har bakin kasuwa, amma ba duka ba. Na ga waɗanda suka bar shayinsu suka sulale ba sallama.

Tun ranar ba ni da sakat. Mai kayan miya ta leƙa zanin goyo ta ce, "Ina ɗan mai kaɗe mutanen?" Masu jiran gyara kuma, da sun ji kukansa sai su ce, "A matsa gefe, ga Galdino nan, kada ya tura ku rami." Wasa suke yi, na sani, amma raina ɓaci yake. Yaro ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba an fara yi masa baƙar magana. An ce alƙalan gasa za su zauna a kan abin. Ka rubuto, ina so in ji ta bakinka.

Matarka,
Darsih

Pemalang, watan Janairu

Mas,

Ina fata kana lafiya. Shiru daga gare ka tun saƙon barkan da ofis suka kawo. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, yaro ba lafiya.

Zazzaɓi ne, ya zo ya tafi ya dawo. Yana kuka yana murza kai a jikina, ya kama nono ya saki. Na kai shi asibitin unguwa, sun ba shi maganin ruwa, ya ɗan yi sauƙi, ya sake komawa. Cinyoyin nan da na so ka gani duk sun zube. Hankalina ba ya jikina, in ɗora tukunya in manta da ita.

Mbah Painem ta ce sunan ne ya yi masa nauyi. Ta ce haka aka yi da Lik Tarmo, an sa masa sunan 'ya'yan sarauta ya yi ta ciwo, sai da aka sauke masa aka ɗora Tarmo sannan ya miƙe. Ka san yadda ake yi, a sake dama kunun ja da fari, a tara maƙwabta, a ajiye tsohon suna a ba shi mai sauƙi. Ita sunan Slamet ta zaɓa masa, wato mai lafiya. Jiya tana shafa masa mai take cewa, "Jariri ya ɗauki sunan da rabin duniya ke zagi, da wane ƙashi zai ɗauka?"

Kuma zagin ƙaruwa ya yi. Alƙalai sun saurari maganar da Galdino ya yi da mutanen kamfaninsa ta rediyo kafin karon, sun ce da gangan aka yi, sun ƙwace kofin sun ba Torben. Lik Tarmo ya ce siyasa ce, mai shuɗiyar mota teburi ɗaya yake cin abinci da alƙalan. Ni su cinye kofin ma in suna so.

Na ɗauka Bapak ne zai fara tsalle a canza. Ina! Cewa ya yi, "Nduk, 'yata, ni na faɗi sunan nan da bakina a madadin ubansa. Amana ce. Ba a sauke shi sai ubansa ya ce." Na yi kuka, na yi faɗa, bai motsa ba.

Ban sani ba ko Mbah na da gaskiya, amma ba abin da ba zan gwada ba. Layi ɗaya nake so, Mas. Ka rubuta ka yarda.

Darsih

Cikin teku, watan Fabrairu

Dik Darsih,

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ki da Bapak da Mbah da ɗan gidana. Ina lafiya, sanyi ne kawai ya tsattsaga mini leɓe. Jirgin mai ya iso da wasiƙarki, kuma zai juya yau ɗin nan, don haka a gurguje nake rubutu a kan murfin akwatin kifi.

Kin ce ya dubi madubi. Dik, don me aka sa madubin? Kowane direba yana dubawa kafin kwana. Motarsa ta lalace, sitiyari ba ya jin magana, Torben kuma ya cusa kai inda ko keke ba zai wuce ba, don ya san in an yi karo shi za a tausaya wa. Dodong ya ji hukuncin a rediyo ya zo yana buga mini tukunya a kunne, saura kaɗan mu ba hammata iska, yanzu ba ma magana. Sun ƙwace kofin a ofis, amma a kan kwalta Galdino ne ya ci, kuma Torben ya san haka duk ranar da ya dubi kofin nan a ɗakinsa. Shekara nawa suna jira ɗan talaka ya yi tuntuɓe?

Game da sunan, ki toshe kunnenki. Duk wanda ya ce sunan nan na da aibu, tsoho ne ko yaro, ki ce ubansa ya ce ba za a taɓa ko harafi ɗaya ba. Na san halinki, kina ɗaukar abu da zafi. Abin da ke damunki yanzu ƙaramin abu ne, zai wuce, nan da wata biyu kowa ya manta. Ki yi mini godiya ga Bapak, ya yi mini abin da ba zan manta ba.

Ana kiran a kawo wasiƙu. Ki sumbatar mini kunnuwan nan.

Mijinki,
Kasnadi

Pemalang, watan Maris

Kasnadi,

Na gaishe ka don an hore ni da gaisuwa. Ƙaramin abu? A kan bencin babban asibitin Tegal na karanta wasiƙarka, ɗanka na ciki da allurar ruwa a hannu, hannun da bai kai babban yatsanka kauri ba. Na juya takardar gaba da baya ina neman inda ka tambayi zazzaɓinsa. Madubi na gani, da sitiyari, da tukunyar Dodong. Na roƙe ka layi ɗaya, ka aiko mini da hukuncin kotu.

Da muka dawo gida na jiƙa shinkafar kunun da hannuna, na ce wa Mbah a yi kawai, uban da ke can bai san zafin jikin yaro ba. Bapak ya tsaya a ƙofar kicin ya ce ga takardar ubansa nan ta ce a'a, shi ba zai kira kowa ba. A unguwar nan wa zai zo cin kunun suna in mai gida bai kira ba? Kaji suka cinye shinkafar. Ku biyun kun haɗa kai a kaina, ku da ba ku taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Shi ma Bapak ɗin ban gane kansa ba yanzu. Ran Lahadi aka fara gasar bana, ina zaune a bakin gareji da yaro a cinya. Wani mai babur ya dube shi ya ce wa Bapak, "Pak, sunan ɓarawo ne ke cin jikanka, ka sauke masa." Bapak ya jefar da sifana ya miƙe.

"Wane ne ɓarawo? Ka taɓa tuƙa abin da ya fi wannan akwalar taka gudu? Mutum na gaba, motarsa na hayaƙi, wani ya cusa masa kai ta ciki, so kake ya tashi sama? Ɗauki babur ɗinka ka kai wani wuri!"

Lik Tarmo ya saki baki har shayinsa ya zube. Da aka watse na ce, "Bapak, da gaske ka canza ra'ayi?"

Ya ce, "Ko kaɗan. Ɓarawo ne, da idona na gani. Amma ba a gaban jikana za a faɗa ba."

Ka ji wanda ke ɗauke da nauyin maganarka. Zan bar sunan tun da ka hana, ba don na yarda ba. Jibi za mu koma asibiti, sun ce za su duba kunnensa. In wani abu ya sami yaron nan da sunan nan a kansa, ban san yadda zan ƙara kallon fuskarka ba. Ba zan sake rubuto maka ba sai ka tambayi ɗanka.

Darsih

Port Louis, watan Afrilu

Dik, Dik Darsih,

Yana da rai? Ki fara gaya mini wannan.

Yau muka shigo tasha aka ba ni wasiƙunki biyu a haɗe, ta Janairu da ta Maris. Ta Janairu ba ta taɓa shiga jirgin mai ba, a ofishin tasha ta kwana tana jira na. Wallahi ranar da na rubuto miki, wasiƙar haihuwa kaɗai ke hannuna. Tsokanar mai kayan miya nake nufi da ƙaramin abu, ban san ko atishawa ya yi ba. Ta Maris na fara buɗewa, Dodong ɗin da ba ma magana ne ya zaunar da ni. Na buga wayar ofishin unguwarku har na gaji, layin ba ya shiga.

Na yarda. Ki nuna wa Bapak wannan layin: ni Kasnadi na yarda a sauke sunan. A sa masa Slamet, a sa masa duk wanda Mbah ta ce, ko Torben ne ma ku sa, ya dai tashi.

A ɗakin hutun ma'aikatan jirgi akwai kaset ɗin tseren, Dodong ya sa mini. Sai yau na gani da idona, da a rediyo kawai na ji. Ya duba, Dik. Ya duba ya gan shi sannan ya murɗa. Ban san ko kamfanin ne suka sa shi ko tsoro ne ba, kuma ban damu in sani ba. Hular nan tawa koriya ta Galdino na ba wani mai shara. Na gama da shi.

Za mu daɗe a tasha ana gyaran inji. Ki rubuto nan kai tsaye, ko kalma ɗaya ce.

Kasnadi

Pemalang, watan Mayu

Mas Kasnadi,

Assalamu alaikum. Yana da rai, yana da lafiya, yanzu haka yana kan tabarma yana cin kunnen matashi. Ka sauke numfashi. Bapak da Mbah suna gaishe ka. Ka yafe mini kiran sunanka gatsau da na yi, da sauran abin da na faɗa. Ni ma ban san wasiƙa na iya kwana a tasha ba.

Ruwa ne ya taru masa a cikin kunne. Likita ya fitar, ya ba shi magani mai ƙarfi, zazzaɓin bai ƙara dawowa ba. Mbah kuma ta ce ita ce ta yi aikin, wai tun tuni take kiransa Slamet a ɓoye in tana yi masa wanka. Ban yi mata musu ba, kowa ya riƙe nasa.

Da wasiƙarka ta zo na nuna wa Bapak layin. Ya karanta ya ninke ya ce, "To, amana ta sauka daga wuyana. Ke ce uwa, ke za ki ce." Mbah ta ce ko ya warke gara a sauke, kada ciwon ya san hanya. Aka jiƙa shinkafa, aka kira maƙwabta ranar Alhamis bayan la'asar.

Da safen ranar na zaunar da shi a tabarma na koma bayansa. Na ce, "Slamet." Bai kula ni ba. Na sake, na tausasa murya, yana ta wasa da yatsun ƙafarsa. Sai Bapak ya leƙo daga gareji ya ce, "Galdino, ina sifanata?" Mas, yaron nan ya juya da sauri har ya kife, yana dariya da haƙoransa biyu. Na zauna na yi ta kuka, ni kaina ban san na mene ne ba.

An dama kunun, an ci, amma na godiya ne. Na gaya wa malam suna na nan yadda yake, kuma wannan karon bai ce a maimaita masa ba. Mbah ta yi fushi da ni har wayewar gari, daga nan ta koma Dino ɗinta.

Kai ka gama da wancan direban, ni ma ban taɓa farawa da shi ba. Zamba ya yi, kuma ina jin tsoro ne ya sa shi, irin na wanda ya ga abin da ya sha wahala a kansa yana kuɓuce masa. A gareji har yanzu ba a gama shari'ar ba. Lik Tarmo na nan kan bakansa, Bapak ya koma zaginsa, sai dai yanzu yakan fara duba ko yaro na kusa, kuma "mai koriyar mota" yake cewa.

An ce kamfaninku na neman waɗanda za su ƙara wa'adi. Kada ka sa hannu, Mas. Yaron nan Bapak ya kira shi ya waiga, Mbah ta kira ya waiga, har mai kayan miyar nan ta kira shi ya waiga. Kai kaɗai da ka zaɓi sunan ne ba ka taɓa kiransa da shi ba. Ka dawo gida.

Matarka,
Darsih